Darasi na Goma Sha Ɗaya: Hawan Ralanti da Gyaran Maƙogwaron Inji

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Birnin Ƙonni da hantsi, ko a mararrabar Tsarnawa inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, idan ya kasa kunne ga ƙananan motocin da ke jiran fasinja, zai ji waɗansu injinsu na tafiya a hankali da murya ɗaya, waɗansu kuwa suna ruri kamar an ɗora ƙafa a kan totur, alhali direban yana can gefe yana cinikin albasa. Wannan juyi da inji ke yi shi kaɗai, mota tana tsaye ba a taka komai ba, shi kanikawanmu ke kira ralanti, na ƙetaren iyaka kuma su ce silo. Hawansa fiye da ƙima shi ne illar da wannan darasi zai yi bayani a kanta. Maganarmu ta keɓanta ga motocin fetur. Manyan motocin da ke ɗaukar siminti daga Malbaza, da masu lodin albasar Galmi, injin gas ne da su, hukuncinsu daban ne, yana da nasa babi a gaba.

Kafin a ce abu ya wuce haddi, wajibi ne a san haddin. A gaban direba akwai agogon da ke ƙidaya juyin inji a cikin minti guda, kuma galibin ƙananan motoci, idan injinsu ya yi zafin aiki, an kashe fitilu da na'urar sanyi, allurar tana zama tsakanin 650 da 850. Da sassafe kuwa, musamman a tsakiyar hunturu sa'ad da sanyi ke sauka a fadamar Magiya, inji yakan tashi da 1200 har zuwa 1500, ya riƙa sauka sannu a hankali gwargwadon yadda ruwansa ke ɗumama. Wannan ba ciwo ba ne, haka aka ƙera shi. Haka nan idan aka kunna na'urar sanyi allurar takan ɗan ɗaga. Ciwon shi ne a taso daga Ƙonni a isa Badagishiri, inji ya yi zafi sarai, a tsaya a ga allura ta kafe a 1200 ko 1500, ko kuwa tana hawa tana sauka ba ta da natsuwa.

Kada ɗalibi ya ɗauki wannan ƙaramar mas'ala. Ƙaramin inji mai lafiya yana shan abin da ya kama daga rabin lita zuwa lita guda a cikin awa ɗaya yana tsaye, idan kuwa juyinsa ya ninka, shansa ma ƙaruwa yake yi ƙwarai, ga shi motar haya tana daɗewa a tsaye a tasha da shingayen hanya da bakin iyaka. A da, lokacin da man da ake tsallakowa da shi daga Illela ta Najeriya yake da arha a cikin kwalabe a bakin titi, mutane ba su cika damuwa ba. Amma tun daga watan Mayu na 2023, da gwamnatin Najeriya ta janye tallafin mai, kowane ɗigo ya zama abin lissafi, kuma ƙona shi a banza almubazzaranci ne da dukiyar mai mota, wadda take amana a hannun direba. Banda wannan, giya takan yi ƙara wajen shiga, mota mai canza giya da kanta takan zabura da zarar an saki birki, birkin ya riƙa cinyewa da wuri, kuma a cikin cunkoson ranar kasuwa, inda yara da masu kura da ƴan kabu-kabu ke gilmawa, motar da ke tura kanta gaba haɗari ce bayyananniya.

Asalin kuskuren da ake yi

Manyan kanikawanmu da yawa sun koyi sana'a ne a kan Peugeot 504 da ƴan'uwanta, waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna tun 1975, kuma suka daɗe suna riƙe da hanyar Sakkwato da ta Tawa. Waɗannan motoci kafireto ne da su, a jikinsa akwai sukuru da aka yi musamman domin ralanti: a ɗaure ya hau, a sassauta ya sauka, bakanike ya daidaita da kunnensa, magana ta ƙare. Ilimi ne sahihi a zamaninsa, kuma har yau yana aiki a kan babura da tsofaffin motoci. Sai dai motocin da suka cika hanyoyinmu yanzu, ƴan Kwatano da suka shigo ta Gaya, irin su Toyota Corolla da Carina E da Avensis, ba su da kafireto. Mai yana fita ne ta injekta, kuma wata ƴar kwamfuta, wadda muke kira ƙwaƙwalwar mota, ita ke yanke yawan man da za a zuba da yawan juyin da inji zai yi. Wanda ya yi ƙiyasin sabuwar mota a kan tsohuwa, ya ɗauki sukundireba ya nufi sukurun farko da idonsa ya gani, ƙiyasinsa ɓatacce ne, domin dalilin da ya sa sukuru ke aiki a can babu shi a nan.

Ƙa'idar da dukan darasin nan ya ginu a kanta ita ce: injin fetur ba ya iya hawa sai ya sami ƙarin iska. Yana bukatar kimanin kilo 14.7 na iska ga kowane kilo guda na fetur, kuma ƙwaƙwalwa tana bin iskar ne da mai. Saboda haka duk inda ka ga ralanti ya hau, ka tabbata iska tana shiga fiye da yadda ya kamata, tambayar da ta rage kawai ita ce ta ina take shiga, kuma ƙwaƙwalwa ce ta ba ta izini ko kuwa satar hanya ta yi.

Idan ka bi babban tiyo daga matatar iska zuwa inji, za ka tarar da wani gajeren bututu na alminiyam, shi ne maƙogwaron inji. A cikinsa akwai faifai na ƙarfe a kan sanda, wanda kanikawa ke kira papiyo; taka totur yana buɗe shi, sakin totur kuma sifirin ya mayar da shi ya rufe. Tun da inji ba ya rayuwa ba iska, an yi wata ƴar hanya da ta kewaye faifan, aka sa mata bawul wanda ƙwaƙwalwa ke buɗewa da tsukewa, shi ne bawul ɗin ralanti. A ƙarshen sandar faifan kuma an ɗaura wata baƙar na'ura mai soket, sensar totur ke nan, aikinta ta faɗa wa ƙwaƙwalwa ko faifan a rufe yake ko a buɗe, da gwargwadon buɗewarsa.

Misalin ƙwaƙwalwa a nan kamar alƙali ne wanda ba ya fita daga zaurensa, bai ga abin da ya faru ba, hukuncinsa duka a kan bakin shaidu yake. Shaidunsa su ne sensar totur, da sensar zafin ruwa, da sensar da ke auna iska. Idan shaidu suka yi gaskiya hukunci ya yi daidai. Idan ɗaya ya yi shaidar zur, ko da ba da nufi ba, alƙali zai yanke hukunci mai kyau a kan labari marar kyau. Na faɗi haka ne domin na ga ana gaggawar tuhumar ƙwaƙwalwa, a sa mai mota ya sayi wata da kuɗi masu yawa, alhali ita ce mafi ƙarancin lalacewa a cikin kayan nan duka.

Tertibin bincike

A fara da abin da ba ya cin kuɗi. A duba tabarmar ƙasa ko ta danne totur. A buɗe bonet a taɓa kebur ɗin da ke jan faifai: dole ya kasance da ɗan sako-sako, idan ya miƙe tamau to yana riƙe faifan a buɗe, sai a sassauta notinsa guda biyu a daidaita. A ja faifan da hannu a saki, a ji ya koma ya buga mazauninsa da kansa.

Daga nan sai neman iskar sata. Zafin watan Afrilu da Mayu a ƙasar Adar da Ƙonni, wanda ke haura digiri 40 a inuwa, ga kuma zafin inji a kansa, yana busar da roba har ta tsattsage, motar kuwa ta riga ta yi shekaru a Turai kafin ta iso mana. Kowane ƙaramin tiyo da ke manne da manifol, wato bututun da ke kai iska cikin inji bayan faifai, idan ya tsage ƙofa ce ta iska. A bi su ɗaya bayan ɗaya da ido da yatsa, a lanƙwasa bakinsu, domin a nan tsaga ke ɓuya; a kula da mai kauri da ke zuwa tukunyar birki, da wanda ke fitowa daga murfin inji, da gaskit ɗin da ke tsakanin maƙogwaro da manifol, wanda sau da yawa ake mayar da tsohonsa a yage ko a yanka kwali a sa. Dabara mai sauƙi ita ce a ɗauki guntun tiyo, a sa baki ɗaya a kunne, a riƙa yawo da ɗayan a jikin inji har a ji shewar iska. Ko a matse tiyo ɗaya-ɗaya da filaya a hankali, wanda aka matse inji ya faɗi sosai, a kan layinsa ɓarnar take. Amma watsa fetur a kan inji mai zafi domin a ji ko zai canza murya, ina hana ku shi hani mai ƙarfi, domin tartsatsi ɗaya daga wayar fulogi ya isa ya cinye mota da fuskar mai gyaranta.

Mas'alar tamostat

A nan zan daɗe kaɗan, domin wannan ita ce illar da ta fi yawa a garejinmu, kuma da hannunmu muke jawo ta. Al'ada ta gudana cewa da zarar mota ta iso daga Kwatano, sai a ce an yi ta ne domin ƙasar sanyi, a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da inji har kashe shi. Niyyar mai yin haka kyakkyawa ce, yana tsoron zafi ne, amma hujjarsa ba ta tsaya ba. Tamostat ƙofa ce da ke tsare ruwa a cikin inji har ya kai wajen digiri 80 zuwa 90, sa'an nan ta buɗe masa hanyar lagireto. Idan ta buɗe sosai, ruwa yana wucewa isasshe, ko a Illela ko a Agadas. Injin da aka cire masa ita kuwa, musamman da dare da lokacin hunturu da kan doguwar hanya, ba ya kai zafin aikinsa, sensar ruwa tana ta ba da shaidar cewa har yanzu da sanyi, ƙwaƙwalwa kuma, bisa gaskiyar abin da aka faɗa mata, tana riƙe bawul ɗin ralanti a buɗe tana ƙara mai, tamkar kullum asuba ce. Ga ralanti ya hau, ga mai na tafiya, ga fulogi na yin baƙi, ga man inji na tsinkewa da fetur. Motar da ke zafi da tamostat a jikinta, a nemi sababin a lagireto da ya toshe da ruwan rijiya mai kanwa da laka, ko murfinsa, ko fanka, ko famfon ruwa, ko ita tamostat ɗin ta mutu a rufe, a sa sabuwa.

Akwai kuma ƙananan tiyo biyu na ruwan zafi da ke ratsa ƙasan maƙogwaro a motoci da yawa. Idan suka ruɓe akan toshe su da ƙusa a wuce, alhali a waɗansu injuna zafin wannan ruwa ne ke taimakon bawul ɗin ralanti ya tsuke. A mayar da su. Ita ma sensar ruwa ana auna ta da mita ta lantarki: a yawancin motocin Toyota tana nuna om 2000 zuwa 3000 idan ruwa yana wajen digiri 20, ta sauko wajen om 300 idan ya kai digiri 80. Wadda ta tsaya a sama alhali inji ya yi zafi, ta mutu.

Wankin maƙogwaro da sukurun da ba a taɓawa

Ƙurar hunturu da ta hanyoyin karkara, irin waɗanda ake bi zuwa ƙauyukan Tajaye da Dogarawa, idan ta sami matatar iska da ta huje saboda yawan busa ta da kwamfaresa, takan haɗu da tururin man inji ta zama baƙin danƙo a gefen faifai da cikin bawul. Danƙon yakan kama bawul ya tsaya a buɗe, ralanti ya hau. Ko ya toshe gefen faifai, inji ya riƙa mutuwa a tsaye. A wannan hali na biyu ne direba ke zuwa ya ce, "Maigida, motar nan tana mutuwa a kan layi, a ɗan ƙara mini ralanti," maigida kuma, don ya sallame shi da wuri, ya ɗaure ɗan sukurun da faifai ke hutawa a kansa. Mota ta daina mutuwa, kowa ya yi murna. Bayan wata biyu wani ya wanke danƙon, iskar da ke toshe ta buɗe, ta haɗu da wadda sukuru ya buɗe, inji ya kama ruri, ba wanda ya tuna da abin da aka yi a baya.

Wannan sukuru ba na ralanti ba ne. An daidaita shi a masana'anta, galibi har da ɗigon fenti a kansa, aikinsa kawai ya hana faifai cije jikin bututu. Idan ka tarar fentin ya fashe, ka san an riga ka. Gyaransa shi ne, bayan an kwance maƙogwaro an wanke shi da maganin wankin kafireto da tsumma mai laushi, ba tare da an kankare shi da ƙarfe ba, ba kuma tare da an jiƙa sensa ko sashen lantarki na bawul ba, a warware sukurun har faifai ya rufe ruf, a dawo da shi har ya taɓa, a ƙara ɗan ƙanƙanin juyi yadda faifan ba zai maƙale ba, a ɗaure notinsa. A ɗaga maƙogwaron a hasken rana a duba: siririn haske kamar gashi a gefen faifai shi ake so. A sa sabon gaskit.

Awon sensar totur

Duk wanda ya taɓa wancan sukuru ya gusar da sensa daga mazauninta, saboda haka awonta ya zama wajibi, kuma a nan kunne ba ya amfani, gani ya kori ji. Ana bukatar mita ta lantarki, wadda ake samu a wurin masu gyaran rediyo da salula. A buɗe makulli har fitilun gaban direba su kama, kada a tayar da inji. A sa mita a kan awon bolt na batir, baƙar waya a jikin ƙarfen inji, ja kuma a soka ta da siririyar allura ta bayan soket, soket ɗin yana haɗe. Sensa mai waya uku, ɗaya za ta nuna bolt 5, ita ce abincin da ƙwaƙwalwa ke aikowa. Ɗaya ba za ta nuna komai ba, ita ce ta ƙasa. Ta uku ita ce mai kai labari. Faifai yana rufe, wannan ta uku tana nuna wajen rabin bolt a galibin motoci. A buɗe faifan da hannu sannu sannu, lambar ta riƙa hawa ba tsalle ba yankewa, har ta kai wajen bolt 4 ko sama da haka kaɗan. Idan a tsakiyar tafiya ta faɗi ta dawo, cikin sensar ya cinye, ba ta da magani sai canji. Idan kuwa tafiyarta lafiya lau ce amma tana farawa daga sama, misali bolt 1 ko fiye, to tana shaida wa ƙwaƙwalwa cewa ƙafar direba na kan totur, ƙwaƙwalwa kuma ba za ta shiga aikin saukar da ralanti ba.

A dubi ramukan sukurunta biyu. Idan dogaye ne, an yi ta domin a juya: a sassauta su kaɗan, a juya jikin sensa da yatsa ana kallon mita har lamba ta zo daidai, a ɗaure, a sake aunawa, domin ɗauri kansa yakan gusar da ita. Idan ramukan zagayayyu ne, ba a daidaita ta, kuma faɗaɗa ramin da zarto ha'inci ne ga mai mota, domin ɓoye ciwo ne.

Tsofaffin Toyota na shekarun 1990 suna da waya ta huɗu, wadda ke zuwa wani ɗan makunni a cikin sensa da ke haɗuwa idan faifai ya rufe, ya rabu da zarar an taɓa totur. Ana daidaita shi da siraran ƙarafan awo irin na bakin fulogi, a sa tsakanin sukuru da hannun faifai: da siriri mita ta nuna haɗuwa, da mai ɗan kauri ta nuna rabuwa, kaurin duka bai kai milimita guda ba, kuma kowane inji da nasa adadi a littafinsa, sai a nema a bi. Wannan makunni yana bayyana wani abu da ke ruɗa mutane: idan ya ce faifai a rufe yake, amma iskar sata ta ɗaga inji sama, ƙwaƙwalwa takan zaci mota na gangara ne, ta yanke mai, inji ya faɗi, ta mayar, ya sake hawa. Wanda ya ga allura na wannan kai da kawowa, ya koma neman iska, ya bar sensa.

Motoci marasa kebur

Motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 2000 zuwa yau, galibinsu ba su da kebur ba su da bawul ɗin ralanti. Ƙaramin moto ne ke juya faifai da umarnin ƙwaƙwalwa, sensa kuma a rufe take cikin jikin maƙogwaro, babu abin juyawa. Kada a sa yatsa a ciki makulli yana buɗe, domin moton yana da ƙarfin da zai datse shi, kada kuma a banƙare faifan da ƙarfi. Irin wannan ƙwaƙwalwa tana koyo: yayin da danƙo ke taruwa tana ƙara buɗe faifai kaɗan kaɗan tana riƙewa, saboda haka ranar da aka wanke, ralanti yakan hau, don ba ta san an wanke ba. A yawancin Toyota ya isa a cire wayar batir ta ƙasa na ƴan mintoci, a mayar, a bar inji ya yi zafi, ya yi kamar minti goma a tsaye komai a kashe, sa'an nan a yi tafiya. Motocin Nissan da yawa kuwa suna da nasu tsari na koyarwa, wanda ya fi sauƙi da kwamfutar bincike.

Ita wannan kwamfuta ana soka ta ne a wani soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, wanda doka ta wajabta a motocin Amurka tun 1996, a motocin fetur na Turai kuma tun 2001. Lamba P0507 tana nufin ralanti ya fi yadda ƙwaƙwalwa ke so, P0505 tana nuni ga tsarin ralanti, P0120 zuwa P0123 ga sensar totur da wayoyinta, P0115 zuwa P0118 ga sensar ruwa. Lambar tana nuna unguwar da ciwo yake ne kawai, sai mita ta nuna gidan. Sau da yawa waya ce ɓera ya ci, ko soket ya yi tsatsa tun wankin inji da ruwan famfo mai ƙarfi.

Aikin gida

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya nemi izinin mai mota ɗaya, ya rubuta a littafinsa irin motar, da abin da allura ta nuna da sassafe, da abin da ta nuna bayan tafiyar rabin awa, ya duba ko tamostat na nan, ko fanka na tsayawa da kanta, ko fentin sukuru na nan lafiya. Wanda ke da mita ya ƙara da awon wayoyin sensa uku, faifai a rufe da a buɗe. Kada kowa ya juya komai tukuna; a kawo lambobin aji mu duba su tare, mota bayan mota.